Bokitin Inna Cima

Madalla da matan unguwarmu ta bayan tasha, Allah ya ƙara musu saurin hannu a aikin lada. Ban taɓa ganin ɗakin mamaci da aka share da wuri kamar naki ba, Inna Cima. Kin cika ran Talata, 8 ga Afrilu 2025, da hantsi, a gidanki na Madawa, bayan hawan jini ya kayar da ke a gindin randa. Ran Laraba aka rufe ki. Kafin ɗiyarki Karima ta wartsake daga gajiyar motar Yamai, ko kwalbar turare wofi ba ta rage a kan teburinki ba. An raba duka, wai don lada ta iske ki. Da da irin wannan himma ake gina rijiya, da Adar ta manta da ƙishirwa.

Ni ne Isaka mai turare, wanda teburinsa ke bakin ƙofar kasuwa. Shekara ashirin da biyu ina sayar miki da hoda da kwalli da jan baki da man shafawa, ke kuwa kina yi wa amare kwalliya da su, daga Madawa har Buza da Keita. Ke Kirista ce, ni Musulmi, amaren naki kuma goma cikin sha ɗaya namu ne. Ba wanda ya taɓa tambayar addinin hannun da ya gyara masa ɗiya.

Abin da aka fi sanin ki da shi, kuma aka fi yi miki dariya a kansa, shi ne sharar kaya. Sau biyu a shekara, in Nowel, wato Kirsimeti, ta gabato da kuma in zafi ya kama kafin Paska, sai ki shimfiɗa tabarma, ki zazzage duk kayan kwalliyarki, ki rufe ido ki yi addu'a irin taku, sannan ki kasa su uku. Na aiki ya hau faifai. Na kyauta ya shiga ƙwarya. Wanda ya lalace kuwa, ko wanda ke ɓare fatar mutum da sunan haske, ya faɗa wani tsohon bokiti shuɗi, washegari ki sa a gina rami bayan gida a binne shi. Da idonki ya fara rauni, ni kike aikawa a kira.

"Isaka, kai da ka yi lakwal ka iya karatun boko, duba mini wanga. Yaushe anka ce shi mutu?"

In karanta miki kwanan watan da ke gindin kwalba. In ya wuce, ki jefa bokiti ba ko waiwaye. Wata rana na ga kin jefa wani turare da ɗanki ya aiko daga Abijan, na ce, "Inna, ki ba ni shi mana. A kasuwar Bangi wa ke karatun gindin kwalba?" Kika dube ni ta saman gilashi, kika ce, "Mai kasuwar Bangi da kai da ni shina karantawa. Ni mai riƙo ce, ɗana, ba mai kaya ba. Ranar da Almasihu za shi tambaye ni mi na yi da abin da anka ba ni, in ce na shafa ma ɗiyan mutane ƙuraje?"

Wata maganarki da ba ta bar ni ba ita ce, duk abin da ya shekara a akwati ba ki taɓa shi ba, rabon wata ne kika tsare. Shi ya sa ƙwaryar kyauta ta fi faifan cika. Na ga amaryar da uwarta ba ta da ko sabulu ta fita daga ɗakinki tana ƙamshi kamar ɗiyar ɗan kasuwa, kuma ba a taɓa jin labarin daga bakinki ba. Ni dai a lokacin asarar ciniki nake gani, ba na ɓoyewa.

Ran Litinin, kwana ɗaya kafin rasuwarki, mun yi sharar bana tare. Bokitin ya cika har baki. Kin ce gobe za a gina rami. Goben ta zo da nata ramin.

Ran Juma'a na je zaman makoki, sai na ga bokitin nan shuɗi an wanke shi tas, an cika shi da ruwan sha ana zagayawa da shi. Na tambayi Biba maƙwabciyarki, wadda ta shugabanci rabon, ina kayan da ke ciki.

"Mun raba, mana. Mun haɗa su da na faifai da na ƙwarya bisa zane guda, kowa ta ɗauka. Kayan mamaciya a bar su su kwana?"

"Biba, na bokitin nan na rami ne."

"Kai dai ɗan kasuwa ba ya son ganin kyauta."

Ba na zarginta da mugunta. Abin da ta taso ta iske ke nan, kuma don ke ta yi. Amma a cikin kwana ɗaya an mayar wa unguwa duk abin da kika yi wata huɗu kina ƙwacewa daga fuskokinta, kuma da sunanki aka mayar.

Ni da Karima muka bi gida gida cikin ranar nan mai narka kwalta, ita da kumburarrun idanu, ni da leda a hannu. Wasu suka miƙo ba musu. Wasu suka rantse ba su samu komai ba, alhali ƙamshin na binmu har zaure. Wata ta ce albarkar tsohuwa ce, ba ta rabuwa da ita ko za a kira jandarma. Da la'asar mun tattara abin da ya tattaru, saura ɗaya da na fi tsoro: wani babban gwangwanin man haske mai murfi ja. Biba ta aika wa Saude da shi, ɗiyar ƙanenta da ke Azarori, wadda za a ɗaura wa aure mako mai zuwa.

Na san gwangwanin nan kamar tafin hannuna. Daga teburina ya fito. Ya wuce lokacinsa da shekara biyu, ni na sa reza na kankare kwanan watan, na sayar wa wata mata. Ke kika gan shi a hannunta, kika karɓe, kika ba ta man kaɗe a madadinsa. Da kika miƙo mini shi ran Litinin kika ce in karanta, na ce rubutun ya goge. Kika shafa wurin da ɗan yatsa, kika ce, "Ikon Allah, Isaka, gogewa da tsagi kamar na reza." Kika jefa shi bokiti. Da ma zagina kika yi.

Ran Asabar na hau kabu-kabu zuwa Azarori. Uwar amarya ta tarbe ni a ƙofa, na ce a ba ni gwangwanin, ya lalace. Ta juya shi ta duba, ta ce, "Ina shaida? Babu rubutu. Kuma daga hannun Cima ya fito, Cima ba ta taɓa ba kowa mugun abu ba." Nan na ga sunanki ne zai ci fuskar yarinyar. Babu hanyar da ta rage sai ɗaya. A gaban mata kusan goma masu sussuka na ce, "Ba Cima ba ce. Ita rami ta nufa da shi. Ni na kankare."

Ba zan rubuta abin da suka kira ni ba, takardar ta'aziyya ce. Sun jefo mini shi a ƙafa. Saude ta riga ta shafa kwana biyu, wuyanta ya yi ja, amma fuskar ta tsira. An ɗaura auren da gyale a wuya, cikin zafin Afrilu. Ni da Karima muka gina ramin bayan gidanki, muka zuba, ta yi addu'arta, na yi tawa. Na ƙara da kwali guda daga ƙarƙashin teburina, wanda ba sai na faɗi abin da ke ciki ba.

Na gaji, Inna. Ba gajiyar hanya ba, gajiyar mutumin da aka bar wa aikin da bai iya ba.

Allah mai rahama ya dube ki da rahamarsa, ya saka miki da alherin da kika yi wa ɗiyan mutane a ɓoye, ya sa kin huta. Ina miƙa ta'aziyyata ga Karima da ƙanenta na Abijan, ga baffansu Yaƙubu, ga fasto da jama'ar majami'arku, da matan unguwa duka, har Biba. Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya sa mu cika da kyau in tamu ta zo.

Labarin reza ya riga ni isa kasuwa. Matan Azarori sun bar teburina, sun koma na kusa da ni, wurin mutumin da a gabana yake wasa tasa rezar. Ni na faɗa, shi bai taɓa faɗa ba. To, a ganinku, ran kasuwar Bangi wa zai fara naɗe tabarma don kaya sun ƙare?