Mai Jarka a Tashar Kakuri

Tana zaune a tashar Kakuri, tsohuwa siririya cikin zanen ƙungiyar matan coci, rungume da jarka kamar jariri. Kwandasta ya roƙi kurɓi ɗaya, ta hana. Na ce a raina, kai, wannan akwai rowa!

Sai idonta ya sauka kan ƙafata, wadda tsayuwa a masaƙa ta kumbura. Ta jiƙa tsumma da ruwan jarkar, ta ɗaura mini.

"Ruwan maɓuɓɓugar garinmu ne, ɗana. Ba a sha. Fata ke jan gishirinsa, kumburi ya sauka."

Wataƙila mijinta ta ɗebo wa, yana kwance a Narayi yana jira. Zugin yana lafawa, ni kuwa ina kallon yadda ruwan ya ragu a jarkar. Allah ya saka miki, Mama.