Inna Mai Guga da Jikan da Aka Ƙi

Inna mai guga ta tsufa ne a ɗakin wanki na wani asibiti, tsakanin injuna masu ruri da tulin zannuwan gado da ba sa ƙarewa. Tururi ya dafe mata fuska, tsayuwa ta kumbura mata ƙafafu. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta, kuma ita kaɗai ta raine shi, don ubansa ya tsallake ya bar su tun yaron yana goye. Ta kai ƙara a lokacin, alƙali ya ɗora wa mutumin kuɗin ciyarwa, shi kuwa ya tattara ya bar gari. Ta yi ta sintirin kotu har ta gaji ta haƙura.

Ɗan ya girma ya zama direba a wani kamfanin kai kaya. Ya yi aure, auren bai je ko'ina ba ya mutu. Bayan rabuwar da 'yan watanni matar ta haihu, Direba ya ce atafau ba nasa ba ne.

Inna ba ta sa baki ba, don ta ƙoshi da rigima. Sai wata rana tana tsaka da guga, tsohuwar matar ɗan nata ta bayyana a ƙofar ɗakin wanki, jariri a kafaɗa.

"Mama, ba roƙo na zo yi ba," in ji ta. "Alƙali ya ce a yi gwajin jini. Ana ta sa rana, ɗanki ba ya zuwa, kullum wai yana kan hanya. An ce in kawo wanda ya san zamanmu."

Inna ta goge hannu ta karɓi yaron. Ƙaramin yatsan ƙafarsa ya hau kan na kusa da shi, irin na ɗanta sak. Ta miƙa mata shi.

Ranar hutu Direba ya zo gaishe ta, ta tare shi da maganar.

"Inna, don Allah ki fita daga ciki. Ba ki san halinta ba ne."

"Nata ban sani ba, naka na sani. In ba naka ba ne, ai jini zai wanke ka. Me kake gudu?"

Ya sunkuyar da kai yana juya makullin mota. "Albashin nawa yake, Inna? In suka fara yanka, da me zan tashi?"

A nan ta gane cewa shi ma ya sani.

Ranar zaman kotu ta nemi izini a wurin aiki, ta hau matakalar tana hutawa. Da aka kira ta, ta faɗi abin da ta gani ba ƙari: matar na laulayi tun kafin ta bar gidan, ita da kanta ta sha riƙe mata goshi tana amai, kuma ɗanta na nan a tsaye. Alƙali ya ja wa Direba kunne cewa in ya sake ƙin zuwa, kotu za ta ɗauki ƙin nasa a matsayin hujja a kansa. Ya je. Gwaji ya nuna ɗansa ne. Aka sa sunansa a takardar haihuwa, aka umarci kamfanin ya riƙa cire kuɗin ciyarwa daga albashi duk wata.

Daga nan Direba ya ɗauke ƙafa. Maƙwabta suka rabu biyu: wasu su ce ta yi gaskiya, wasu su ce ta tona wa ɗanta asiri a gaban jama'a. Inna ta ci gaba da gugarta. Da ta ajiye aiki, uwar yaron ta fara kawo mata shi in za ta tafi shagon da take tsaro. Ja'irin ba ya zama. Duk abin da Inna ta ninke sai ya warware.

"Kai, maigidan, za ka ƙarasa ni," takan ce, tana bin sa da kyar.

Wata ranar Asabar Direba ya leƙo da ledar lemo a hannu. Yaron na barci a gadonta, baki buɗe. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ya tambayi lafiyar ƙafarta, ya tambayi ko tana shan magani. Can ya ce, a hankali, "Ya fara tafiya?"

"Ya fara. Har gudu."

Ya gyaɗa kai, ya ajiye ledar, ya ce ya bar mota a inda bai kamata ba. Inna ba ta raka shi ba. Ta jawo matashi ta kishingiɗa kusa da yaron, ko za ta samu ta ɗan rintsa kafin ya farka.