Ranar da Noelene Ta Sa Aka Kashe Fitilarta

Kafin gari ya gama wayewa a Port Adelaide, Noelene Petrakis ta riga ta ɗora butar shayi. Za ka same ta tsaye a kicin da silifas, abin sauraro toshe a kunnuwanta, tana fuskantar gilashin taga, hannuwanta na ta kai da komo a iska. Maƙwabcin da bai san ta ba sai ya ce ƙuda take kora. Waƙa take koyo. Noelene tafinta ce ta kurame. Iyayenta duka biyu kurame ne, da hannu ta fara magana tun kafin ta buɗe baki. Da rana tana asibiti ko kotu tana isar da maganar likita ko alƙali. In ƙarshen mako ya zo kuma, sai ka gan ta a gefen dandamali cikin baƙar riga, fitila ɗaya a kanta, tana fassara wa kurame kiɗan metal, kiɗan Turawan nan mai tsananin ƙarar ganga da jita.

Kada ku ɗauka aikin wasa ne. Irin kiɗan da muke so, waƙa ɗaya sai ta kusa cin rabin awa, ganga ta sauya tafiya ba zato, mawaƙi ya yi ta gurnani kamar an shaƙe shi. Mu masu kunne ma sai mun nemo rubutun waƙar kafin mu san me ya ce. Ita kuwa sai ta haddace komai. Wani mai tsaron ƙofa ya ba ni labarin wani wasan rani, ana zafin da kwalta ke narkewa, abokiyar aikinta da za su riƙa karɓar juna ta kasa zuwa, Noelene ta tsaya ita kaɗai har aka tashi. Washegari ko kofi ba ta iya ɗagawa. Kafaɗun nan ne yanzu suka ce ya isa haka, za ta ajiye aiki a ƙarshen watan nan.

Abin da na gani da idona kuwa, abokina Des Kowalski ya shafa. Tare muka yi walda a wurin ƙera jiragen ruwa, a hannunsa na koyi maganar hannu, kuma da zagi ya fara koya mini. Des kurma ne tun haihuwa, amma ba ya fashin wasa. Yakan hura balan-balan ya rungume a ƙirji, ganga da babbar jita su riƙa dukan sa ta ciki, yana kaɗa kai daidai da kowa. 'Yarsa Tamsin kuma, cikin ikon Allah, goge ta zaɓa. Sautin goge siriri ne, ba ya motsa balan-balan. Duk wasan da ta yi, in ta sauko ta tambaye shi, "Baba, yaya?" sai ya ɗaga mata babban yatsa. Ta san bai ji komai ba, shi ma ya san ta sani.

Bara sai ƙungiyar mawaƙan da muke bi tun muna da gashi a ka ta ce za ta yi wasa tare da manyan makaɗan birni, masu goge da masu busa cike da dandamali. Da jerin waƙoƙin ya fito, raina ya ɓaci. Sun zubar da tsofaffin waƙoƙi masu girgiza bango, sun dasa wata doguwa mai sanyi a tsakiya, daidai lokacin da jinin kowa ya ɗau zafi. Har gobe ina nan kan bakana, wannan jeri bai yi ba. Na je na tarar da Des a bayan gidansa yana gasa nama, na hau masifa da hannu bibbiyu.

"Sauke mana hannuwan nan, tsohon banza, ka cika surutu," in ji shi. "Tamsin na cikin makaɗan birnin, ita aka ba tsakiyar waƙar nan mai sanyi. Ita kaɗai za ta ja goge."

"Kai! Ai sai murna, mutumina."

"Murnar me? Za ta sauko ta tambaye ni. Na gaji da yi wa yarinyar nan ƙarya, Warwick. Gara in ce mata ba ni da lafiya."

Maganar ta tsaya mini a rai, na kai wa Noelene. Abu ɗaya ta tambaya: wane gefe masu goge za su zauna? Hagu. Wurin tsayuwarta kuma, da kujerun kurame, suna dama. Nan matsalar take, wadda mu masu kunne ba ma lura da ita. Kurma da ido yake saurare. In Des ya kalli tafinta bai ga 'yarsa ba, in ya kalli 'yarsa ya rasa fassara. Ta roƙi mai kula da dandamali a mayar da ita hagu, ya ce ina, wayoyi da katangar gilashin mai ganga sun cinye wurin.

Ba ta tsaya gardama ba. Sai ta shiga zuwa gidan Des ranakun Lahadi, ba wanda ya aike ta. Ta sa Tamsin ta ja goge a kicin, Des ya ɗora yatsunsa a bayan katakon, ita kuma tana nuna masa: ka ga in sandar ta tafi a hankali, shi ne dogon sautin nan da ke ratsa yatsunka, in yatsanta na hagu na rawa, sautin ma rawa yake. Tun yana fizge hannu yana cewa cakulkuli ake yi masa, har ya kai in ya hango hannun Tamsin daga ƙarshen ɗaki, ya san abin da katakon ke yi.

Ranar wasa ina zaune kusa da Des. Noelene na ta fama, zufa na zuba, furfurarta na tsalle tare da ganga. Da aka zo waƙar da na tsana, ganga ta yi tsit, balan-balan ya daina motsi a ƙirjin Des. Kurame duk suka zuba wa Noelene ido. Sai ta ce da hannu, "Nan ba aikina ba ne. Ku dubi hagu, mai gogen nan mai jan gashi." Ta sauke hannuwanta, fitilar kanta ta mutu. Ashe ta shirya da mai fitilu, ta kuma nemi yardar sauran kurame tun a bakin ƙofa. A sana'arsu ba a yin haka. Tafinta ba ya sauke hannu ana tsakar wasa, kuma daga baya wasu abokan aikinta sun yi mata faɗa sosai.

Des ya juya hagu bai ƙara ƙiftawa ba. Yatsunsa na kan gwiwa suna bin sandar 'yarsa. Ni da na zo da fushina, hawaye na yi, ba kuma na jin kunyar faɗa.

Da aka tashi, Tamsin ta fito rungume da akwatin gogenta.

"Baba, yaya?"

Bai ɗaga yatsa ba. Ya ɗan ɓata fuska ya ce, "A tsakiya kin yi sauri, kamar ana korar ki. Me ya same ki?"

Yarinyar ta dube shi. Sai ta ajiye akwatin a ƙasa don ta samu hannu. "Na yi sauri, Baba. Tsoro nake ji." Ta faɗa jikinsa tana kuka tana dariya.

Noelene, ke ce kika yi wannan, hannu mai magana. Sunanki bai taɓa hawa allon talla ba, mawaƙan da kika haddace waƙoƙinsu da yawansu ba su san fuskarki ba. Ke ce kika san lokacin da ya kamata a kalle ki, da lokacin da ya kamata ki kauce. Mun gode, Allah ya ba kafaɗun nan sauƙi. Ku matasa masu koyon maganar hannu, gefen dandamalin nan zai zama ba kowa, wani ya zo ya tsaya. Ku kuma masu shirya wasa, ku riƙa tambayar inda kurame za su zauna kafin ku shimfiɗa wayoyinku.

Des ya ce in gaya miki Tamsin na da wasa watan gobe. Ya riga ya kama kujera a gefen hagu, kuma bai nemi tafinta ba.