Ranar da Inna ta yi lugude a kan dutse

Shekarun baya, tun hanyoyinmu na yamma ba su rikice kamar yadda suka yi daga baya ba, na dawo gida Batsari hutun damina. Kun dai san ni, tuƙin motar masu haƙar burtsatse ya kai ni ko'ina, Jos, Mambila, har cikin Kamaru. A Mambila ne wani abokina ya nuna mani tafiya da sanduna biyu na ƙarfe marasa nauyi, irin waɗanda ake ƙara wa tsawo a rage, kowace da igiya a wuyanta. Da farko dariya na yi mashi. Ranar da muka gangaro daga wani tsauni, gwiwoyina na rawa shi kau yana ta fito abinshi, sai na haɗiye dariyata na nemi nawa.

Ban daɗe da sauka ba saƙo ya zo daga wata ruga a bayan duwatsun Ruma. Yayar mahaifiyata, wadda muke kira Inna Babba, can take aure tun ƙuruciya. Ta kwanta ciwo, ta ce a gaya wa ƙanwarta ta zo su ga juna. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Matsalar ita ce gwiwoyin Inna, mahaifiyata. Wani lokacin ko salla a zaune take yi. Babur kuma iyakarshi bakin rafi. Daga nan sai ƙafa: a haye ruwa, a hau dutse, a gangara. Ƙanena ya ce sai dai mu riƙa goya ta. Inna ta dube shi ta ce, "Mutum ɗaya ya rage a duniya da ya taɓa goya ni, kuma wurinta za ni."

Sai na shiga ɗaki na fiddo sandunana.

"Me zan yi da waɗannan, kai Mai-yawo?" Ni ɗan fari ne, ba ta taɓa kiran sunana ba.

Na ce, "Dogarawa za ki yi, Inna."

"Sanda? Ba ma guda ba, har biyu? Yaya ta girme ni nesa ba kusa ba, har yau ban ji an ce ta riƙe sanda ba. Ni zan shiga mata gida ina dogarawa kamar kakarta?"

A wajenmu sanda ta makiyayi ce, ko ta dattijo. Mace in ta ɗauka, to ta sanar da gari ta sauke aiki ke nan. Ga shi su biyun nan tun ina yaro suke tsokanar juna a kan wadda za ta riga tsufa.

Na ce, "Inna, ba sandar tsufa ba ce. Can inda na je, matasa majiya ƙarfi ke riƙe ta."

Ta ce, "To matasan can ba su da lafiya."

Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin kafin mu shiga rugar zan ɓoye su.

A tsakar gida na fara koyarwa, ina ta hura hanci. Na daidaita mata tsawon yadda in ta kafa sandar a ƙasa hannunta zai miƙe gaba sosai, bai ɗaga ba bai sunkuya ba. Na zura hannunta cikin igiyar ta ƙasa, don nauyin ya zauna a wuyan hannu ba sai ta damƙe da ƙarfi ba. Duk wannan ya tafi lafiya. Tafiyar ce ta gagara. Ina cewa sandar dama da ƙafar hagu, ita tana jefa sandar dama da ƙafar dama, tana tangaɗi kamar agwagwa. Matan gida suka shige madafa suna toshe baki.

Na karɓa na nuna mata, ina kai da komo. Ba ni take kallo ba, kunne ta kasa. Ƙas, ƙas, ƙas.

Ta ce, "Tsaya. Wannan na sauka, wannan na tashi?"

"Haka ne."

"Ashe lugude ne! Me ya hana ka ce lugude tun farko, ka tsaya kana mani dama da hagu kamar soja?"

Wanda bai tashi ƙauye ba, lugude shi ne mata biyu a kan turmi guda, taɓaryar wannan na sauka ta wannan na tashi. An ce lokacin 'yanmatancinsu, in Inna da yayarta suka kama daka, daga bakin rijiya ake gane su ne. Inna ta karɓi sandunan, ta zagaye tsakar gidan nan ba kuskure ko ɗaya. Ni da na yi kwanaki a Mambila ina harɗe ƙafa kafin na iya.

Washegari da hantsi babura suka sauke mu bakin rafi. Ruwan ja ne, ba a ganin ƙasa. Na ce ta riƙa taɓa gabanta da sanda kafin ta taka, kuma kada ta ɗaga ƙafa sai duka biyun sun kafu. Haka ta yi, ta haye tsaf. Ni malamin ina bayanta ina ba da umarni, na taka wani dutse mai gansakuka, sai ga ni zaune cikin ruwa har ƙugu, hulata ta kama hanyar Safana.

Inna ta waiwayo ta ce, "Sannu. Ashe ƙafafunka ka ba ni, ka taho haka nan."

A gindin dutse na rage mata tsawon sandunan, don hawa ya fi son gajeru, na sa masu robar da ake rufe bakinsu da ita don kada ƙarfen ya zame a kan falalen dutse. Ta hau a hankali, tana hutawa tana salati. Wani makiyayi da sandarshi a kafaɗa ya gaishe ta doguwar gaisuwa, idonshi na kan hannunta. Ta ce mashi, "Kalli shanunka, ɗana."

Gangara ce abin tsoro, don nan gwiwa ke ɗaukar dukan nauyin mutum. Na ƙara tsawon, na ce ta fara kafa su a gaba, sannan ƙafa ta biyo. Mun yi rabi ta tsaya cak. Zufa ta jiƙa mayafinta, ƙafafunta na karkarwa. Ga rugar can ƙasa muna hango hayaƙinta. Raina ya ba ni nan tafiyar ta ƙare, kuma na san in muka juya da wuya su sake ganin juna.

Na ce, "Inna, ko in goya ki? Ba mai gani."

Ta ɗaga sandar dama ta ce, "Wannan Yaya ce." Ta ɗaga ta hagu. "Wannan ni ce. Ba mu taɓa barin daka a tsakiya ba." Ta kafa, ta taka. Ta kafa, ta taka. Haka har muka isa ƙasa.

A bayan wani rumbu ta ba ni sandunan, na naɗe su cikin wani zane da ta taho da shi. Ta gyara mayafi, ta shiga da sallama tana tafiya kamar wadda ta fito daga maƙwabta.

Inna Babba na kwance, ta rame ƙwarai, amma bakin na nan. Bayan an gama gaisuwa ta ce, "Ke, da ƙafarki kika zo?"

"Da ta wa zan zo?"

"Da waɗannan gwiwoyin?"

"Gwiwoyina ƙalau, Yaya. Ke ce dai kika kwanta kamar wata tsohuwa."

Suna cikin haka surukar Inna Babba ta shigo da fura da nono. Garin jawo tabarma, wani abu ya faɗo daga bayan gado. Sanda ce gajera, mariƙinta ya yi sumul yana sheƙi don shan hannu.

Inna ta ce, "Ta wa ce wannan?"

Inna Babba ta juya fuska bango. "Ta korar kaji ce."

Surukar ta kasa daurewa. "Wallahi Inna, ta daɗe tana dogara ta. Tun da ɗan saƙo ya ce kuna tafe ta sa na ɓoye."

Inna ta yi dariya har hawaye na zuba, ban san inda dariyar ta ƙare kukan ya fara ba. Ta ce, "Mai-yawo, kwance zanen nan."

Inna Babba ta ɗago ta gani. "Biyu! Ni da guda nake jin kunya, ke kika zo mani da biyu!"

Da safe Inna Babba ta ce a tayar da ita, tana son ganin shanu kafin su fita. Suka raba sandunan, kowa da guda, hannunsu ɗayan riƙe da juna. Ina daga baya ina ji, ƙas, ƙas, wannan na sauka wannan na tashi.

Bayan kaka Allah ya yi wa Inna Babba rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Na hau duwatsu da yawa a yawona, na ga masu ƙarfi iri-iri, amma ban ga wanda ya burge ni kamar tsohuwar nan a rabin gangara ba. Yanzu duk wanda na ga yana wahalar da gwiwarshi don kada a ce ya tsufa, nakan ce ya riƙe sanda, ya riƙe biyu ma, ya je inda zuciyarshi ke son zuwa tun mutanen na nan.

Sandunan dai ba su dawo hannuna ba. Har yau da su Inna ke zuwa suna da gaisuwa, a gaban kowa. Kwanaki za ta fita, matata ta yi sauri ta miƙo mata guda ɗaya. Inna ta karɓa ta duba, ta ƙi motsawa daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Wannan ai ni ce. Ina Yaya?"