Gwajin Safe na Istifanus Mai Hoto

Istifanus Tagwai ya yi shekara ashirin da uku a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri kafin ya taɓa riƙe kyamara. Ya zo Kaduna daga wani ƙauye kusa da Zonkwa a 1979, da jaka ɗaya da adireshin kawunsa. Aikinsa a masaƙar shi ne haɗa launi. Kowace safiya, kafin a tayar da injuna, sai ya rina ɗan ƙyalle, ya kai shi bakin taga, ya jera shi da samfurin da aka ba su. Idan sun zo daidai, ya ɗaga hannu a fara aiki. Daga nan ya rubuta kwanan wata a bayan ƙyallen, ya jefa shi a durowa ya rufe. Abokan aikinsa sun ce yana iya bambanta ja iri bakwai daga nesa. Faratansa ba su taɓa komawa fari ba har ya bar duniya.

A coci na san shi, a unguwar Nasarawa, inda muke zumuntar mata tare da matarsa Scholastica. Ni malamar lissafi ce a wata sakandare. 'Ya ɗaya na haifa, sunanta Abigail.

Da soja suka miƙa mulki a 1999, mutanen Kakuri sun sa rai masaƙu za su farfaɗo. Ba su farfaɗo ba. A 2002 aka sallami Istifanus tare da sauran 'yan sashensa. Wasu suka koma gida noma, wasu suka nemi aiki a kamfanonin Kudenda. Shi ya kama ɗan shago kusa da inda bas ke lodi, ya sayi kyamarar da ba ta amfani da fim, da tsohuwar kwamfuta, da firintar hotuna mai shan tawada kala shida.

Tawadar kamfanin firintar tana zuwa ne a 'yan akwatunan roba da ake kira katirij. Idan sun ƙare a jefar, a sayi wasu, kuma tsadarsu ta fi ƙarfin ƙaramin shago. Wani abokinsa mai suna Benson ya kawo masa daga Legas irin waɗanda ake sake cikawa, da kwalabe shida na tawada marasa sunan kamfani, da sirinji. Istifanus bai yarda da su haka kawai ba. Ya buga hoto ya gwada shi yadda mai rini ke gwada yadi. Ya yayyafa masa ruwa, ya goga da babban yatsa, ya ɗora masa dutsen guga, ya sa shi a aljihun riga ya yini yana gumi. Launi bai motsa ba. Gwajin rana kuwa wani sashe ne yake yinsa a masaƙa, a wani ɗaki da bai taɓa shiga ba, don haka bai tuna da shi ba.

Aiki ya zo. Fasfo, biki, 'yan takarar kansila a zaɓen 2003. Sai kuma jana'iza. A wurinmu, idan za a kai mutum, ana buga babban hotonsa a sa a firam, wani daga dangi ya riƙe shi a gaban akwati tun daga coci har maƙabarta. Idan an dawo sai a rataye shi a falo, a inda duk mai shigowa zai gani.

A watan Fabrairun 2004 Abigail ta sami gurbin karatu, tana da shekara goma sha tara. Na raka ta shagon a ɗauke ta hoto. Ta ɗinka wata tsohuwar atamfata da na daɗe da ajiyewa, mai ja da shuɗi da rawaya. Istifanus yana ganinta ya ajiye kyamara, ya kama bakin hannun rigar ya kai ga haske.

"Wannan jan ni na haɗa shi," ya ce. "Tamanin da huɗu."

"Baba, ni za ka ɗauka ko atamfar?"

"Ke dai tsaya da kyau. Atamfar nan ta girme ki, ki ba ta girmanta."

"To a sa mata kujera, ni na tsaya a baya."

Tana cikin ƙoƙarin haɗiye dariya ya ɗauka. Wannan ne kaɗai hotonta na girma. Sauran duk na firamare ne.

Ta rasu ranar Laraba, takwas ga Satumba na shekarar, ƙarfe bakwai saura kwata na safe, bayan kwana shida da zazzaɓin taifod. Istifanus ya buga babban hoton, ya sa a firam da hannunsa. Da muka dawo daga maƙabarta na rataye shi a bangon da ke kallon tagar gabas.

A watan Janairun 2006 na fara lura da leɓɓanta. Sun yi haske. Na ce ƙura ce, na goge gilashin. Zuwa Ista kumatunta sun koma ruwan kore, kamar ruwan da ya daɗe a bokiti. Jan atamfar ya tafi gaba ɗaya. Baƙi ne kaɗai bai motsa ba: idanu, gira, da kitso. Da fatar ta ja baya, sai idanun suka ƙara girma.

Maƙwabciyata Vicky ta daina zama a kujerar da ke fuskantar bangon. Wata rana ta faɗa mini a bakin ƙofa, a hankali.

"Maman Abigail, yarinyar nan janye fuskarta take yi. Ba ta son ana kallonta."

"Tawada ce, Vicky."

"Haka na ce da farko. To na baban Godwin fa? Shi ma saura gashin baki da tabarau. Duk wanda mutumin nan ya buga wa na jana'iza, tafiya suke yi. Me ya sa na biki ba sa tafiya?"

Ina da amsa. Hotunan biki a cikin albam suke, a rufe. Matattu ne kaɗai muke ratayewa a gaban taga, rana tana dukansu kullum. Na san wannan sarai. Duk da haka na kama kaina ina wucewa ta falon da sauri, kaina a sunkuye. Abin da ya fi damuna ma ba tsoro ba ne. Idan na rufe ido ina neman fuskarta, wannan koriyar ce take zuwa.

A watan Yuni na naɗe firam ɗin a zane na hau bas zuwa Kakuri da safe. Na sami Istifanus yana ɗura tawada da sirinji, Scholastica tana share shagon. Na kwance zanen. Ya daɗe yana kallo.

"Ka sake buga mini," na ce.

"Maman Abigail." Shi kaɗai da Vicky suka rage suna kirana haka. "Kwamfutar ta ƙone a watan Afrilu. Wuta ta dawo da ƙarfi. An kai ta wuri uku, ba a ciro komai ba."

Na fara naɗe firam ɗin. Scholastica ta jingine tsintsiya.

"Baban Tony, ka faɗa mata mana. Ko ni zan faɗa?"

"Ki bar ni."

"Na bar ka shekara biyu. Kullum ina shara ina zagaye kwalin nan kamar akwai mai barci a ciki."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur, ya jawo wani kwalin taliya da aka ɗaure da igiya. Kafin ya buɗe, ya tura ƙofar shagon har hasken ya ragu.

Abigail ce a ciki. Hotuna masu girman tafin hannu, a jere a tsaye, cike da kwalin. Duk hoto ɗaya ne, amma ba biyu da suka zama ɗaya. Na ciro wani, fararen layuka sun ratsa fuskar kamar tana leƙowa ta tagar luba mai jerin gilasai. Wani babu rawaya, ta yi ruwan makuba. Wani ya tsaya a rabi, daga goshi zuwa hanci, ƙasa farar takarda. Wani kuma baƙi ne ya ƙi fita, sai murmushi da kumatu, wurin idanun babu komai. Wannan na kife shi a kan tebur. Na ciro na gaba, sai ga ta yadda take, da jan atamfar da dariyar da take haɗiyewa.

Istifanus ya yi bayani yana kallon faratansa. Tawadar kwalba tana bushewa a 'yan ramukan da take fitowa idan inji ya kwana, kuma iska kan shiga wajen ɗurawa. Don haka ba ya fara aikin kowa sai ya buga gwaji. Gwajin yana buƙatar fatar mutum da dukkan launuka a wuri guda, da kuma launi ɗaya da ya sani tabbas. Jan atamfar nan ya san shi fiye da sunansa. Kowace safiya, ban da Lahadi, sai ya buga ta, ya kai bakin ƙofa ya duba, ya rubuta kwanan wata a baya, ya sa a kwali ya rufe.

"Da ta rasu na canza," ya ce. "Na gwada wata amarya, kwana uku. Idona bai yarda ba. Sai na koma. Ban nemi izininki ba, ban san da wane baki zan nema ba."

"Har ina kwana yake ce mata," in ji Scholastica.

"Injin nake gaya wa."

"Injin sunansa Abigail?"

Istifanus ya rufe kwalin. Ya mayar da igiyar ya ɗaure, ya tura mini kwalin.

"Waɗannan duhu ne ya riƙe su. Duk wanda kika fitar zai fara tafiya daga ranar. Ki nisanta shi da taga, zai ɗan daɗe. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, zai tafi."

A gida na ja labule na ƙirga. Ɗari shida da hamsin da takwas ne. Marasa aibi ɗari biyu da goma sha ɗaya. Shekarata arba'in da tara a lokacin, kuma ko da kowane ɗaya shekara guda kaɗai zai yi, lissafin ba mai wahala ba ne. Na sa ɗaya a ƙaramin firam a bangon da rana ba ta kai wa. Idan leɓɓan suka fara haske, sai na cire na sa wani. Masu aibin ma ban zubar ba.

Bayan wannan Istifanus ya bi gidajen da ya yi wa aikin jana'iza ɗaya bayan ɗaya, a ƙafa, daga Kakuri har Nasarawa. Ya gaya musu abin da ya faru, ya taya su sauya wa hotunan bango. Wasu sun gode, wasu sun rufe masa ƙofa. Babu wanda yake da kwali irin nawa. Ya koma wata tawadar da ta fi jure rana, ya riƙa manna gwaji a jikin taga na wata shida kafin ya yarda da sabuwar kwalba. Ya rasu a 2010. Ɗansa Tony ne ya riƙe hotonsa a gaban akwati, da muka dawo kuma Scholastica ta rataye shi a bayan ƙofa.

Akwai ɗaya a kwalin da ban taɓa sa wa firam ba. Na neme shi tun ranar farko, ina bin kwanan watan. Takwas ga Satumba, 2004. Istifanus yana buɗe shago ƙarfe bakwai da rabi, labari kuma bai kai Kakuri ba sai da rana. Na ɗauka zan ga layi a fuskar, ko wani launi da ya ɓace. Babu ko ɗigo. A duk kwalin babu wanda ya kai shi fitowa. A bayansa, ƙarƙashin kwanan watan, ya rubuta kalma ɗaya da biro: daidai.

Sau ɗaya a shekara nake fito da shi, labule a rufe. Ina ƙirga ɗaya zuwa ashirin, na mayar.