Tsohuwar da muka ɗauka zuwa Badagishiri

Ana sallame sallar asuba muka bar Ƙonni, ni da ɗiyar ƙanwata, a cikin tsohuwar motata ta ɗaukar albasa. Na so in wanke motar tunda ita likita ce, ta ce in bar ta yadda take, wanda ya yini a gidan kaso jiya warin albasa ba zai dame shi ba.

Ku da kuke bina a nan kun saba jin labarin buhu da farashi, to bari in gaya muku abin da ya fitar da mu. Yarinyar nan ta gama karatun likita a Yamai, ta ci gaba da karatun ƙwarewa a kan ciwon taɓin hankali. Kusa da ƙarshe ana ba su ƴan watanni, kowa ya zaɓi inda zai je ya ƙara horo. Abokanta suka zaɓi manyan asibitoci, wasu har ƙasar waje. Ita ta zaɓi aikin shari'a. Idan mutum ya yi laifi, alƙali ya yi shakkar hankalinsa, sai a sa likita ya duba shi, ya rubuta ko yana cikin hayyacinsa lokacin da ya aikata. Akwai babban malaminta da ke lura da ita, shi ke sa hannu, ita ke zirga-zirga. Ranar da ta gaya mini na ce mata, duk wannan doguwar wahalar karatu, a rasa abin zaɓa sai mahaukata da ƴan kaso? Ta yi dariya ta ce, "Kawu, su ma ai mutane ne suka haife su."

Wanda aka ba ta ta duba wani magidanci ne daga wani ƙauye a ƙasar Malbaza. Ba zan faɗi sunansa ko na ƙauyen ba, da wannan sharaɗin danginsa suka yarda in ba da labarin. Bayan kaka ya cinna wa rumbun maƙwabcinsa wuta da rana tsaka, ya tsaya yana kallo har aka zo aka kama shi. Mutanen gari suka gaya wa jandarma mugunta ce, don an taɓa yin cacar baki a kan iyakar gona. In haka ne, shekaru masu yawa ke jiransa a kaso. In kuwa ciwo ne, asibiti ya kamata a kai shi. Shi kuma ba ya magana, ta zauna da shi sau da yawa bai ba ta abin da ya wuce "i" da "a'a" ba. Abin da ta gani kawai shi ne tsohon tabo da ya zagaye idon sawunsa duka biyu. Tana bukatar wanda ya san shi tun kafin wutar, motar ofishinsu kuma ta lalace. Shi ya sa aka tuna da Kawu.

Ƙonni ba ta jiran rana ta fito. Muna fita ƴan kabu-kabu sun riga sun cika hanya, masu sayar da asans, wato fetur, sun jera kwalabensu, manyan motoci sun yi layi wajen duwan, wato kwastan, direbobi na wanke fuska da buta. A Tsarnawa muka tsaya karin kumallo, koko mai zafi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance ƙwarai, na tambayi mai suya ko waken ne ya yi fushi, ta ce ni ya kamata a tambaya tunda mu ke ɓoye shi a sito. Da gaskiyarta, na biya na karɓi ƙosaina. Albasa kuwa ta fito sosai bana, ga ta tuli tuli a bakin gudro, wato titin kwalta, farashi ya faɗi ƙasa, manoma na ta ɗaga wa motata hannu. Likita ta ce in na tsaya ciniki za ta sauka ta hau kabu-kabu. Na wuce ina waiwaye.

Da muka hango hayaƙin kamfanin siminti na Malbaza muka saki gudro, muka kama jar hanya mai rami da duwatsu. Amalanken jakai ne suka fi mu yawa, kuma ba su san ana kauce wa mota ba. Hantsi ya ɗaga muka isa ƙauyen. Muka fara gaida mai gari, ya haɗa mu da wanda ya kai mu gidan.

Ƙannen mutumin biyu suka tarbe mu a zaure. Mutanen kirki ne, sun kawo ruwa, sun shimfiɗa tabarma. Amma da likita ta tambayi ko wansu ya taɓa rashin lafiyar kai, sai suka haɗa baki: lafiyarsa lau, zuciya ce kawai. Na gane inda suka dosa. A wajensu gara a ce wansu ya yi laifi da a ce akwai hauka a gidan.

Sai ta nemi ganin uwar. Muka same ta a inuwar ɗaki tana ɓarar wake, ƴar siririyar tsohuwa. Ta amsa gaisuwa da kyau, ta tambayi mutanen Ƙonni, ta tambayi zafi. Ana ambatar sunan ɗan nata sai ta juya ta shiga korar kaji, alhali babu kazar da ta kusanci waken. Ashe ɗan fari ne. Tsofaffinmu kun san su, ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a zancensa, ko yabonsa ake yi uwa sai ta tashi ta bar wurin.

Ni mutumin kasuwa ne, na saba in abu ya ƙi fitowa a matsa. Na ce, "Inna, yau ba ranar kunya ba ce. Ɗanki na kaso, magana ɗaya taki na iya fisshe shi."

Tsohuwa ta sunkuyar da kai, hannunta ya tsaya cak a cikin ƙwarya. Likita ta dube ni ta ce, "Kawu, ina jin tayar baya ta yi sanyi. Je ka duba mana."

Tayata lafiyarta ƙalau, amma na fita. Daga baya ta gaya mini abin da ta yi. Zama ta yi ta taya tsohuwar ɓarar wake, suka yi hirar damina da ciwon gwiwa. Tambaya ɗaya kawai ta yi mata, ita ma ba ta ambaci kowa ba: a gidan nan, in an yaye yaro na farko, wa ake ba riƙo? Tsohuwar ta ce ƙanwar maigidanta, tana Badagishiri.

Mun yi sallama, na tada mota, sai ga tsohuwa tsaye a gefen ƙofa da mayafinta da ƴar ƙwarya a ɗaure.

"Na daɗe ban gaida mutanen Badagishiri ba," in ji ta, tana duban ƙasa. "In da wuri."

Ƴaƴanta suka ce, "Inna, ina za ki cikin wanga zahi?" Ta ce ba su ta tambaya ba.

Muka koma Tsarnawa muka kama hanyar Tawa. Hanyar ba laifi, sai wuraren da manyan motoci suka cinye gefenta. Ƙasar ta fara hawa da sauka, jajayen duwatsu, garken shanu suna gangarawa neman ruwa. Tsohuwa ba ta ce uffan a kan abin da ya kawo mu ba, amma a kan tuƙina ta yi magana fiye da sau ɗaya. A shingen jandarma aka nemi katin kowa. Ta ce ita ta girmi kati, lokacin da aka haife ta ko gudron nan babu. Jandarman ya yi dariya ya ce, "Ku wuce da kakata, Allah shi kiyaye hanya." Gaba kaɗan muka sayi fura da nono wajen wasu matan Fulani a gindin bishiya, nono mai kauri wanda ba a yi masa wanka da ruwa ba irin na cikin gari.

Wanda bai taɓa gangarawa Badagishiri da rani ba zai yi mamaki. Kana cikin busasshiyar ƙasa sai kwari ya buɗe a gabanka kore shar: albasa, kabeji, tumatir, rogo, injinan ban ruwa na ta ƙara. Gidan goggon mutumin na bakin garaken nan, ba mu sha wuyar nema ba, don muryarta muka fara ji kafin mu ga ƙofar. Ƙatuwar mace ce mai fara'a, tana ganin tsohuwarmu ta tafa hannu.

"A'a, amaryarmu! Wa ya mutu har kika hito?"

"Ke dai ba ki mutu ba, ga bakinki nan," in ji tsohuwa.

Aka kawo kwaɗon zogale da ƙuli, muka ci. Likita ta bayyana ko ita wace ce, da abin da za a yi da maganar da za a gaya mata, ta ce wanda bai so ba kada ya faɗi komai. Na miƙe zan fita, goggo ta ce in zauna, tana son babban mutum ya zama shaida kada a ce ta ƙara gishiri.

Goggo ba ta ɓoye komai ba. Ita ta riƙe shi tun daga yaye har ya yi aure ya koma gidan ubansa. Ta ce ciwon ya taɓa kama shi yana saurayi, aka kai shi wajen wani mai magani a daji, aka sa masa mari a ƙafa wata da watanni. Tabon ke nan. Sai dai goggo mai yawan magana ce, tana haɗa shekarar fari da shekarar ambaliya, ta ce da damina ya fara, ta koma ta ce da azumi. Abin da ya faru bayan ya bar hannunta kuwa ba ta sani ba. Na ga likita ta ajiye alƙalami.

Duk wannan lokacin tsohuwa na zaune a gefe, ta ba mu baya, tana fuskantar zana. Sai muka ji muryarta, ba da mu take ba, da goggo take.

"Ɗan naki ba da damina ya hwara ba. Da kaka ne, an gama ɗaurin hatsi."

Likita ba ta ko juya wajenta ba. Ta dubi goggo ta ce, "Goggo, ɗan naki yana barci a lokacin?"

Goggo ta juya wajen tsohuwa ta ce, "Ke, shina kwana?"

"Ba shi kwana. Ɗan naki sai shi zauna shina saurare. Shi ce akwai mutane cikin rumbu suna kiran sunanshi, suna shirin kashe mu."

Haka aka yi ta yi. Likita ta tambayi goggo, goggo ta miƙa wa tsohuwa, tsohuwa ta ba goggo labarin ɗanta. Ban taɓa ganin irin wannan zama ba. A haka aka ji cewa ciwon ya dawo masa har sau biyu bayan aure, kullum da kaka in rumbuna sun cika. Aka ji ya taɓa kwashe hatsin rumbun gidansu kaf yana neman masu maganar, ƙannensa suka mayar kafin gari ya sani. Aka ji kwanaki kaɗan kafin wutar ya daina cin abinci, ya zo ya tambayi uwar ko ita ma tana jin su.

"Na ɓoye ashanar gidan duka," in ji tsohuwa. "Ban tuna da ta maƙwabta ba."

Goggo ta fashe da kuka. Tsohuwa ba ta yi ba, ta dai ja mayafi ta rufe fuska. Da aka natsa likita ta ce wataƙila alƙali ya so jin wannan da kunnensa, ko goggo za ta iya zuwa Ƙonni? Goggo ta ce ko yau. Tsohuwa ta ce, "Wagga ba ta san hanya ba. Sai in raka ta."

Bayan azahar muka juyo. Tun kafin mu fita gari likita ta kira malaminta ta gaya masa abin da ta samu. Na ji yana ta jero mata tambayoyi, ya ce ta koma ta sake zama da mutumin, ta kuma ji ta bakin mai rumbun, kada ta rubuta komai da zafin tausayi. Ni kuma na samu ta ƙyale ni na loda buhunan albasa kaɗan a bakin kwari, don ba na son mota ta koma gida wayam. Muka sauke tsohuwa a ƙofar gidanta da la'asar, ta yi mana godiyar kai ta gaisuwa da muka yi, ta shige gida. Ana kiran magariba muka shiga Ƙonni, na gaji liƙis amma raina fari.

Jiya likita ta gaya mini an kai rahoto, alƙali ya ji tsofaffin biyu, ya ba da umurni a mayar da mutumin asibiti a yi masa magani. Maganar hatsi kuwa, ƙannensa sun ɗauki alkawari a gaban mai gari za su cika wa maƙwabcin rumbunsa da kaka.

Na yi shekaru ina ciniki, na ɗauka duk wanda ya yi shiru ko dai ba shi da kaya ko yana jan farashi. Tafiyar nan ta nuna mini akwai mai son ya faɗa, amma ba ta hanyar da ka tambaya ba, in ka matsa masa kuma ka rasa duka. Na kuma daina cewa yarinyar nan ta yi asarar karatu. Ranar Juma'a zan kai tsofaffin biyu asibiti dubiya. Uwar ta aiko a gaya mini ita rakiya kawai za ta yi. Na ce a gaya mata na sani, kuma kujerar gaba tata ce.