Muryar Da Ta Tsayar Da Jirgi

Jama'a, wallahi wannan abu a kaina ya faru, ba labari aka ba ni ba. Shekarun baya ina aiki a ɗakin sigina na wata tashar jirgin ƙasa a wajen Abuja, kullum daga Dutse Alhaji nake tasowa. Mu biyu ne a ɗakin, ni da Bulus, wanda na riga shiga aiki, ni ma na koya masa karanta allon, amma da kwas ya fito shi aka tura waje, ya dawo ya zama ogana. Ba zan ɓoye muku ba, ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci.

Wata Laraba da azahar ya ce mini, "Malam, yau a sa ido fa. An ce rana ta yi aman wuta, ƙarfinta kan bi ƙarfen layi ya rikita sigina."

Na ce, "To, oga masani."

Ya fita duba akwatin wayoyi. Can sai fitilar layi na biyu ta koma kore da kanta, alhali taragon kaya na tsaye a kai, ga jirgin fasinja tafe. Na gani ƙuru-ƙuru, rediyo na gabana, amma, Allah Ya yafe mini, sai zuciyata ta ce ai a wuyan Bulus abin zai rataya, bari mu ga amfanin kwas ɗin. Bai fi numfashi uku ba na zabura na fizgi rediyo. Shuuu kawai, ya mutu. Innalillahi!

Sai ƙarar birki. Jirgin ya tsaya, tsakaninsa da taragon bai kai tsawon mota biyu ba.

Direban ya sauko, ya zo ya rungume ni. "Allah Ya saka! Da ba ka yi ihu in tsaya ba, da mun gama."

Na ce, "Yaushe?"

Ya ce tun kafin ya sha kwana, ya ji muryata sak a rediyonsa, har sunansa na kira.

Injiniyoyi suka ce rana ce ta juya fitilar, ita ta kashe rediyon. Wanda ya yi maganar kuwa, ba wanda ya tambaya. Bulus da hannunsa ya rubuta a yaba mini, kuma har gobe ban iya gaya masa gaskiya ba.

Yanzu ko saƙon murya na tura ba na sake saurare, tsigar jikina tashi take. Don Allah, duk wanda rayukan mutane ke hannunsa, ya sauke ƙyashi kafin ya zauna a kujerar aiki. Ban san wa ya ari muryata ran nan ba, kuma ban da tabbacin zai sake.